Wata uku yaro na motsa jiki, sikeli ya ƙi sauka

Maman_Walid (Agege):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan asibiti da ke cikin zauren nan. Yarona shekararsa 15, yana aji ɗaya na babbar sakandare. Tun yana firamare yake da jiki, amma shekara biyun nan abin ya yi yawa, har ya kai kilo 94. Wuyansa ne ma ya kai mu asibiti. Bayan wuyan ya yi baƙi kamar dauɗa, na sa shi ya dirje da soso har fatar ta yi ciwo, bai fita ba. Likita ta ce ba dauɗa ba ce, alama ce ta cewa jikinsa ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a cikin jini. Aka gwada sukarinsa da safe kafin ya karya, ya nuna 108. Ta ce bai kai ciwon sukari ba amma yana bakin ƙofa, a rage masa lemo a kuma sa shi motsa jiki.

Mun bi. Wata uku ke nan kullum bayan sallar asuba yana fita da ƙanin babansa, su taka har wajen gadar Pen Cinema su dawo, kwana uku a mako kuma yana buga ƙwallo da yamma. Jiya ya hau sikeli: kilo 93. Kilo ɗaya tal! Yaron ya shige ɗaki ya ƙi cin abincin dare. Babansu ya ce wahalar banza ce, jikin gado ne, haka kakarsa take. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu. Motsa jikin nan yana da wani amfani kuwa idan nauyi bai sauka ba? Ko magani za mu nema?

Dan_Mile12:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ina bayan maigidanki. Mu ma gidanmu duk masu jiki ne, mahaifina ya haura tamanin da tumbinsa. Yaro mai tasowa a bar shi ya ci ya ƙoshi, idan ya yi tsawo jikin zai miƙe da kansa. Yanzu komai sai a ce cuta.

Nas_IdiAraba:
Maman Walid, sannu da ƙoƙari. Kafin komai ki amsa mini abu uku. Wandon makarantarsa har yanzu yana matse shi kamar da, ko ya ɗan saki? Kun auna tsawonsa lokacin da ya fara? Idan ya hau bene, yana haki irin na da?

Abin da ya sa na tambaya, sikeli ba ya bambance kitse da tsoka da ƙashi da ruwa, haɗa su yake ya ba ki lamba ɗaya. Ɗan shekara 15 yana kan girma, ƙashinsa na ƙara tsawo da nauyi, ga tsokar da ƙwallo ke gina masa. Ke da bakinki kin ce shekara biyu nauyin na ta hawa. To ya tsaya, har ya ja baya kaɗan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki karɓi tef a wajen tela ki auna ƙugunsa daidai cibiya. Abin da ake so shi ne zagayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum. Ki rubuta a takarda, duk wata ki sake.

Hajiya_Sauƙi:
Hajiya ki yi mini magana ta ciki, ina da shayin rage teɓa, sati biyu kacal za ki ga canji.

Shugaban Zaure:
Hajiya Sauƙi, da girmamawa, dokar zauren nan ba a tallar magani, balle kuma kan yaro. A kiyaye don Allah.

Nas_IdiAraba:
Allah ya saka, Shugaba. Irin wannan shayin yawancinsa gudawa yake sa mutum ko yawan fitsari. Ruwan jiki ne ke fita, sikeli ya sauka kwana biyu, kitsen yana nan inda yake, ƙoda kuma ta sha wahala. Kada a ba yaro.

Dakta_Surulere:
Bari in ɗora a kan maganar Nas, domin tambayar Maman Walid ita ce wadda iyaye suka fi yi mini.

Idan mutum ya ci tuwo ko burodi, abincin yana narkewa ya zama sukari a cikin jini. Wata 'yar gaɓa a bayan tumbi sai ta saki insulin, shi ne ke buɗe wa sukarin hanya ya shiga tsoka. Kuma tsoka ita ce babbar mai shanye sukarin bayan an ci abinci. Idan kitse ya taru a cikin ciki da hanta, tsokar sai ta daina jin kiran insulin da wuri, dole jiki ya riƙa zubo shi da yawa. Wannan yawan insulin ɗin ne ke sa fatar wuya da hammata ta yi kauri ta yi baƙi. Ƙari a kan haka, lokacin balaga kansa yana rage jin insulin ko ga yaron da ba shi da ƙiba, shi ya sa shekarun nan suke da haɗari ga mai ita.

Inda motsa jiki ya shigo shi ne nan: tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko ba tare da jiran insulin ba, kuma bayan an gama tana ci gaba da jin insulin sosai na kwana ɗaya zuwa uku. Daga nan amfanin ya fara dushewa. Shi ya sa yin kaɗan kullum ya fi a tara wahala ranar Asabar kaɗai. Sannan kitsen da ke kewaye da hanji da wanda ke cikin hanta yana raguwa da motsa jiki ko da sikeli bai nuna komai ba, kuma shi ne kitsen da ke kawo ciwon sukari da hawan jini.

A kan lambobi: sukarin safe ƙasa da 100 lafiya lau ne, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama idan an maimaita aka sake samu ciwon sukari ne. Hajiya, hukuncin wata ukun nan yana wajen gwajin jini. Ki mayar da shi wajen likitarsa a sake.

Alhaji na Mile 12, gado gaskiya ne, ban musa maka ba. Amma wanda ya gaji abu shi ya fi kowa buƙatar kiyayewa.

Dan_Mile12:
Likita na ji. Amma tsohona da na faɗa ko asibiti bai sani ba.

Baba_Alaba_Rago:
Ɗan'uwa, tsohonka a ina ya yi ƙuruciyarsa? Na tabbata gona ya je, ya yi kiwo, ya taka kasuwar ƙauye da ƙafa. Ni kaina da na zo Ikko ina saurayi, buhu nake saukewa daga mota tun safe har la'asar. Jikokina kuwa daga gado sai keke Napep, daga keke sai aji, daga aji sai waya. Tuwon iri ɗaya muke ci da su, amma aikin ba ɗaya ba.

Malamin_Wasanni:
Baba ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Shekara tara ina koyar da wasanni a makarantun kuɗi a nan Legas. Makarantar da nake yanzu bene ne mai hawa uku, tsakar gidan ko mota huɗu ba za ta ɗauka ba. Darasina sau ɗaya ne a mako, da jarabawa ta matso kuma shi ake fara sokewa a ba lissafi. Yaro ya bar gida ƙarfe shida saboda cunkoso, ya zauna a motar haya ta danfo, ya zauna a aji, ya zauna a darasin yamma, ya dawo ya wuce Islamiyya ya sake zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai sa numfashi ya ƙaru, sannan kwana uku a mako su yi abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Ku duba 'ya'yanku tsakani da Allah, wa ke samun rabin haka?

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar ta ce a 1990 kashi 2 cikin ɗari na yara 'yan 5 zuwa 19 ke da ƙiba mai tsanani a duniya, a 2022 ya kai kashi 8, wato yara sama da miliyan 160. Jinin gado bai canza cikin shekara talatin ba, zaman ne ya canza.

Sadiq_Obalende:
Mama, ni ba likita ba ne, amma na taɓa zama inda ɗanki yake. Ina shekara 16 na kai kilo ɗari. A makaranta ba a kirana da sunana, Buhu ake ce mini, har wani malami ya ɗauka. Idan an raba ƙwallo ni ake bari ƙarshe a tura ni raga. Abin da ya fi mini ciwo kuwa a gida yake. Baƙi su zo a ce ku dubi wannan, shi ke cinye mana abinci, kowa ya yi dariya, ni ma in yi, in shiga ɗaki in ci abin da na ɓoye.

Da na karanta cewa ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci, wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Yaron da ya yi wata uku yana tashi da asuba ba malalaci ba ne. Idan yanzu ya ji daga bakin mahaifinsa cewa wahalar banza ya yi, ba zai sake fita ba, kuma ba zai faɗa muku dalili ba. Ki ɗauke sikelin nan daga inda yake gani. Ni abin da ya cece ni wani yayan abokina ne da ya riƙa ɗaukata zuwa babban filin wasa na Surulere ranar Asabar da safe. Can akwai tsofaffi da mata da masu jiki irina, ba mai kallon kowa. Wata shida na farko nauyina bai wani sauka ba, amma na daina barci a aji. Sai a shekara ta biyu jikin ya fara sauka. Yanzu shekarata 24.

Maman_Walid (Agege):
Sadiq, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ka faɗi abin da ban taɓa tunani ba. Mu ma mukan tsokane shi a gida, da sunan wasa.

Ummu_Nana:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen. Duk maganar maza ake. Ni mace gare ni, shekara 14, ita ma wuyan ya yi baƙi, al'adarta kuma sai ta yi wata uku ba ta zo ba. Ɗaki biyu muke haya a Ijora. Ina zan tura budurwa ta yi gudu? Babanta ba zai yarda ba, ni ma hankalina ba zai kwanta ba.

Abu_Huzaifa:
Gaskiyar babanta. 'Ya mace ba ta da abin yi a titi da asuba. Ta yi aikin gida ya ishe ta.

Anti_Ketu:
Malam, wane aikin gida ya rage? Mu da muka tashi a Arewa mun yi daka, mun yi surfe, mun ja ruwa a rijiya, da dare mu fita gaɗa mu yi ta tsalle har gumi ya jiƙa mu. Yanzu inji ke niƙa, ruwa mai kura ke kawowa, gaɗa kuma ta mutu. Shara da wanke-wanke ba sa sa zuciya bugawa.

Ummu Nana, ga abin da muke yi a gidanmu. Mu mata biyar ne da 'yan matanmu. Idan maza sun fita sai mu rufe ƙofar gida, mu fito da igiya. Mai iya tsalle ta yi, wadda gwiwa ke damu ta hau matakalar bene ta sauka sau goma. Wata rana gaɗar ma muke tayarwa, yaran suna koyon waƙoƙin. Ranar Lahadi da safe kuma mu sa hijabanmu mu taka tare, mu da yawa, ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Ita kaɗai ba za ta jure ba, sai kin shiga ciki.

Nas_IdiAraba:
Ummu Nana, shawarar Anti ta yi. Amma ki haɗa da kai ta asibiti. A shekarun farko na fara al'ada rashin daidaito ba abin mamaki ba ne, sai dai idan ya haɗu da ƙiba da baƙin wuya, musamman in akwai ƙuraje da yawa ko gashi a haɓa, likitan mata ya kamata ya duba ta. Akwai matsalar ƙwan mace da ke tafiya tare da ƙin jin insulin, kuma motsa jiki na cikin maganinta.

Abu_Huzaifa:
Idan a cikin gida ne ba ni da ja.

Isiyaku_Apapa:
Tambaya. Ɗana yana son ɗaga ƙarfe, na hana shi saboda an ce yana tsayar da tsawon yaro. Haka ne?

Likitan_Gashin_Ƙashi:
Malam Isiyaku, ba haka ba ne. Idan nauyin daidai ƙarfinsa ne kuma akwai babba mai nuna masa yadda ake yi, ba ya hana tsawo. Haɗarin yana wajen yara su haɗu su yi gasar wa zai ɗaga bulon siminti mafi nauyi ba mai kula. Ga yaro mai jiki ma, atisayen ƙarfi sau da yawa shi ne ƙofar shiga, don a gudu shi ne na baya, a ƙarfi kuwa shi ne na gaba, sai ya ji shi ma akwai inda ya fi. Ba sai an biya kuɗin gidan motsa jiki ba: tsuguno da tashi, tura bango, ɗaukar jarkar ruwa, duk suna yi.

An yi wani babban gwaji a Kanada da aka fitar da sakamakonsa a 2014, da matasa 304 'yan shekara 14 zuwa 18 masu ƙiba. Wasu aka sa su atisayen numfashi irin su gudu da keke, wasu na ƙarfi, wasu aka haɗa musu. Duka ukun kitse da zagayen ƙugu sun ragu, kuma a cikin waɗanda suka dage da zuwa, masu haɗawa ne suka fi samu.

Gargaɗi ɗaya ga iyaye duka, har da Maman Walid. Yaro mai ƙiba a shekarun balaga, idan ya fara ɗingishi ko yana kukan ciwon ƙugu ko cinya ko gwiwa, kada a ce ragwanci ne a tilasta masa. Akwai lalurar da kan ƙashin cinya ke zamewa daga mazauninsa, ta fi kama irinsu, kuma sau da yawa a gwiwa ake jin ciwon. A tsayar da atisaye a je a ɗauki hoto. Tsallen igiya ma mai nauyi sosai ya fara da kaɗan, da takalmi mai taushi.

Dan_Dambe_Agege:
Ku kawo mana shi wajen 'yan dambe, wata biyu zai zama wani.

Maman_Walid (Agege):
A'a ɗana, na gode, ban da naushi a ka.

Mai_Shayi_Ijora:
Ni zan faɗi abin da nake gani a teburina, ko da zai rage mini ciniki. Yaran nan suna tashi daga ƙwallo nan suke zuwa. Indomie biyu, ƙwai biyu, rabin burodin Agege, shayi da madarar gwangwani, sukari cokali huɗu. Wani ya ƙi shayin ya ɗauki lemo mai sanyi. Ƙarfe goman dare fa. Hajiya ki bincika ko yana biyawa ta wani wuri kafin ya iso gida.

Dakta_Surulere:
Mai shayi ya gama magana. Robar lemo mai santilita 50 tana iya ɗaukar sukari kusan giram 50, wajen cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kamar cokali 6 a rana. Roba ɗaya tana mayar da fiye da rabin abin da yaro ya ƙona a tafiyar awa guda. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, amma naira 10 ba za ta hana yaro sha ba. Zoɓo da kunun aya da fura na gida ma idan an cika musu sukari duk kanwar ja ce. Motsa jiki yana gyara cikin jiki, saukar nauyi mai yawa kuwa sai an haɗa da baki. Amma ban ce a sa yaro yunwa ba, mai girma ne, kuma horon yunwa yakan koma ci a ɓoye kamar yadda Sadiq ya faɗa.

Na manta abu ɗaya. Akwai gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, a takarda za ku ga an rubuta HbA1c. Mai sikila ko wanda jininsa ya yi ƙasa ya faɗa wa likita, domin lambar tana iya yaudara a wajensu.

Anti_Ketu:
Sai barci. Mai tashi asuba ya fita, ƙarfe nawa yake kwanciya?

Nas_IdiAraba:
Tambaya mai kyau, Anti. Awa 8 zuwa 10 ake so ga 'yan shekarunsa. Ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi. Idan sai sha biyun dare yake ajiye waya, gara a karɓe ta tun ƙarfe tara.

Maman_Walid (Agege):
Na dawo. Nas, na duba abin da kika ce. Bel ɗinsa ya matsa huda biyu, shi kansa bai lura ba sai da na nuna masa tsohon gurbin. Wandon da aka ɗinka masa farkon zango ya ɗage daga idon sawu, ke nan ya ƙara tsawo. Ƙanin babansa ya ce da farko sau uku suke tsayawa kafin su kai gadar, yanzu shi ne ke cewa yaron ya rage sauri. Minsharinsa ma ƙannensa sun ce ya ragu. Wuyan dai yana nan da baƙinsa.

Mai shayi kuma ka yi gaskiya. Na zaunar da shi cikin lalama, ya ce duk ranar ƙwallo yana shan lemo biyu da fanke, da kuɗin motar da nake ba shi. Ban yi faɗa ba. Mun yi da shi zai riƙa tafiya da gorar ruwa, ni ma na daina ajiye lemo a firji, har na baƙi. Na karanta wa babansu maganar Likita da ta Sadiq. Ya yi shiru, ya ce shi dai sai ya ga takardar gwaji. Ranar Talata za mu koma.

Nas_IdiAraba:
Alhamdulillah. Wuyan shi ne ke zuwa ƙarshe, yakan ɗauki watanni, kada ya sa ku karaya, kuma a daina dirza. Ko gwajin bai sauka sosai ba kada a tsaya, likitarsa za ta faɗi mataki na gaba.

Dan_Mile12:
Ni har yanzu ina ganin ana tsorata yara da yawa. Amma Likita, gwajin nan na safe, babba ma zai iya yi? Na lura wuyana kamar haka yake, kuma da dare ina yawan tashi fitsari.

Dakta_Surulere:
Alhaji, gobe ma in da hali. Kada ka ci komai bayan abincin dare sai ruwa, awa takwas aƙalla, ka je da sassafe. A gwada hawan jini a lokaci guda.

Ummu_Nana:
Anti ta Ketu, igiyar da kuke amfani da ita ta shanya ce ko ta musamman ake saya? Kuma waƙar gaɗar da kuke yi, ki turo mini ko guda biyu, ni na manta nawa.